Wutsiyar Zoben Hashimu

In ka sauka tashar Birnin Konni ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka wurin Girgiza, ba zai tambaye ka unguwa ba. Zai sauke ka gindin wani dogon-yaro, inda wani mutum siriri mai furfura a gemu yake tsaye gaban teburin katako mai kauri, yana lanƙwasa ƙarfe da hannun hagu. Sunan da aka raɗa masa Hashimu. Girgiza kuwa mutanen gari ne suka ƙara masa, bai roƙa ba, bai kuma taɓa cewa ba ya so ba.

Sana'arsa ɗaurin ƙarfen gini. Kafin a zuba kankare a ginshiƙi ko bango, sai an tsayar da dogayen rodi, an kewaye su da zobba na siririn ƙarfe masu kusurwa huɗu, an ɗaure da waya. Kowane zobe yana da baki biyu da suke haɗuwa a kusurwa ɗaya, su ne Hashimu yake kira wutsiya. Yawancin masu wannan aiki sukan karya wutsiyar gajeriya su bar ta kwance a gefe, aiki ya yi sauri. Shi kuwa sai ya ja tasa da tsawo, ya tanƙwara ta can ciki, inda kankare zai cije ta. Kafin ya gama zobe goma, wani ya gama talatin har ya ɗora shayi. Wannan 'yar wutsiya, da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ita ce kusan dukan labarin rayuwarsa.

A Dogarawa aka haife shi. Ubansa maginin rumbu ne, kuma aikin Hashimu na farko a duniya shi ne taka laka da ramno, ciyawar nan da ake cuɗa ƙasa da ita don kada ta tsage. Kakarsa A'ishatu ce ta fara lalata masa kai. Ita ta gaya masa cewa duniya a kan ƙahon wani ƙaton sa take zaune, in ƙaho ɗaya ya gaji sai ya mayar da ita kan ɗayan, ƙasa ta motsa. Sauran yara sun ji sun manta. Hashimu kuwa, in rana ta take aka huta a gona, sai ya kwanta ya manna kunne da ƙasa yana sauraren numfashin san. Bai taɓa jin komai ba sai tafiyar tururuwa da kukan cikinsa.

Da ya girma ya yi dakon siminti a Malbaza, har gashin kansa ya koyi furfura tun kafin lokacinta. Daga nan ya bi ayarin samari masu neman aiki arewa, ta Agadas, ta hamada, har Aljeriya, wani gari a bakin teku. Can ya koyi ƙarfe. Ya fara aiki a wani bene hawa biyar da aka ɗora kan ginshiƙai zalla, aka cike tsakani da bulo. Da aka gama shi mutane suka tare, sai ya koma wani ginin, ƙarƙashin wani tsohon Balarabe mai faɗa. A nan ba ginshiƙai kaɗai ba, bango ne sukutum na kankare, da ragar ƙarfe biyu a cikinsa, daga tushe har sama. Tsohon yana yawo da sandar awo, duk wutsiyar da ya gani gajeriya sai ya ƙwanƙwashi bayan hannun mai ita. Hannun hagun Hashimu ya sha wannan sanda.

Ranar wata Laraba, cikin watan biyar na shekarar 2003, gab da magariba, yana hawa na huɗu ya tsuguna zai yi alwala. Sai ya ga ruwan bokiti ya hau gefe ɗaya da kansa. Kafin ya gama mamaki, ginin ya yunƙura kamar raƙumi zai tashi, ya yi gaba, ya yi baya, ya yi wani nishi daga can ƙasa. Abin da ya fara zuwa masa a rai ba salati ba ne, ya sha faɗa yana jin kunya. Cewa ya yi, ashe Kaka ta yi gaskiya. Bangon ya tsattsage, amma bai faɗi ba, kuma duk wanda yake cikinsa da ƙafarsa ya sauko.

Nan yake tsayar da labarin in ana hira. In aka ce, "To, sai aka yi yaya?" sai ya ce, "Sai na dawo gida." Akwai saura, amma shekara ashirin ba wanda ya ji, har matarsa Uwani.

Ya dawo ya zauna Konni, ya yi aure, ya kafa teburinsa gindin dogon-yaro. Konni kuwa, Allah Ya yi mata zaman lafiya ta ƙasa. Manyan motoci su wuce su kaɗa tagogi, aradu ta faɗi, amma ƙasar kanta ko gyaran kwanciya ba ta yi. Gine-ginen da ake ba shi kuma shaguna ne, da 'yan masallatan unguwa, da murfin shadda. Duk da haka kowane zobe sai ya cusa masa wutsiya ciki.

Wanda ya fi kowa jan sa shi ne Mas'udu, magini, taubashinsa, mutum mai tumbi da fara'a, wanda in ya zauna kan benci sai na ɗaya gefen ya riƙe wani abu.

"Bawana," in ji shi, "san nan na Kaka, in ya zo daidai Konni kwanciya yake yana tuƙa. Tun da kakanninmu sunka zauna ƙasar ga ko atishawa ba ta taɓa yi ba. Wa kake ɗaure ma wanga ƙarfe?"

"Ban ce za ta yi ba," in ji Hashimu. "Cewa na yi in ta yi."

Uwani ma ba ta bar shi ba. Akurkin kajin da ya gina mata, sai da ya sa masa ginshiƙai huɗu da zobba. Takan gaya wa maƙwabta, "Ran da duniya ta kife, mu dai mun tahi, amma kajina suna nan." In ya ji sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa.

Abu ɗaya yake so kafin ƙarfinsa ya ƙare: ya ɗaura ƙarfen gini mai tsawo, sau ɗaya, a ƙasarsa. Da azahar in zafi ya hana taɓa rodi, yakan jingina da dogon-yaron ya lumshe ido, sai ya ga bene yana tsirowa daga tsakiyar gero a gonarsu ta Dogarawa, hawa bisa hawa, ba bulo ba fenti, ƙarfe zalla kamar saƙar kwando, iska tana bi ta cikinsa, tsuntsaye suna sauka kan zobba. Sai kiran salla ya tashe shi, ya ga murfin shadda yana jiransa.

Ana nan sai Hajiya Rahama ta tashi gini. Hajiya dillaliyar albasa ce, daga Galmi take lodi ana kai mata har bakin teku, mace mai magana ɗaya. Ta ce bene take so hawa huɗu a bakin babbar hanya, ƙasa shaguna, sama 'ya'ya da jikoki. Injiniyan da ya zana mata daga Yamai ya sa bangon kankare kewaye da matakala, tun daga tushe har ƙoli, ya ce shi ne ƙashin bayan gidan. Ya bar takardu ya koma. Mas'udu ne shugaban magina, kuma shi da bakinsa ya ce a kira Hashimu, wai duk garin shi kaɗai ne ba ya riƙe takardar ƙarfe a kife.

Ranar da Hashimu ya ga bangon nan a takarda, ya daɗe yana shafa ta da yatsa kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

Hajiya dai ta ja masa kunne. "Malam Hashimu, an ba ni labarinka. Malamina ya duba, ya ce ran Alhamis ta sama za a zuba bangon farko. Ranar ba ta ɗaguwa. In ka tsaya yi ma ƙarfe kitso, akwai masu aiki ƙetaren iyaka, awa guda sun iso."

Ya ce ya ji. Ya kama aiki tun sanyin safiya, har ya ci rabin bangon. Sai ran Litinin hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko, mai yawa, irin wanda yake jiƙa ƙasa har kamu guda.

Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ruwan farko yake yi wa wurin gini. Kafin gari ya waye ba lebura ba magini, kowa ya saɓa sungumi ya nufi ƙauyensu, domin shuka ba ta jiran kowa. Hashimu ma ɗan manoma ne. Ya ce wa Mas'udu yini ɗaya zai yi a Dogarawa. Amma da ya gama gonarsa sai ga ta yayansa da ba shi da lafiya, sai ga ta gwaggonsu, kuma ba a ƙetare gonar gwaggo da iri a hannu. Bai dawo ba sai safiyar Alhamis, da laka a ƙafa.

Tun daga nesa ya ji ƙamshi. An yanka rago, manyan tukwanen shinkafa suna bisa wuta, leburori sun fi arba'in kowa da kwanonsa na ɗaukar kankare, injin kwaɓa siminti yana ta tari yana shirin tashi. Hajiya tana tsaye cikin inuwa, ta goyo jikarta Najiba, 'yar wata takwas. Bangon kuwa an rufe shi ruf da katako, an tokare.

Mas'udu ya tarbe shi yana washe baki. "Bawana, ka gode ma ubangidanka. Na ga za ka sha kunya, na samo mutum biyu sunka ƙarasa maka jiya. Kai dai wanke hannu ka ci nama."

Hashimu ya nufi bangon. Ya hau tsani, ya kwanta bisa bakin katakon, ya zura hannun hagu ciki har kafaɗa, ya lumshe ido. Yatsunsa suka bi rodin kusurwa suka sauka. Zobe na farko, wutsiya gajeriya, kwance a gefe. Na biyu haka. Na uku ma ko waya ba a ɗaura masa sosai ba. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa, inda takarda ta ce faɗin tafi, an bar kamu guda har da ɗori.

Ya sauko a hankali ya je gaban Hajiya ya rusuna. "Hajiya, a yi haƙuri. Sai an buɗe katakon ga."

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"A buɗe? Yau?" in ji ta. "Kwana nawa?"

"Uku."

"Ka ga mutanen ga? Ka ga tukwanen ga? Ranar da malam ya ba ni fa, in mayar mishi in ce ta yi kaɗan?"

"Ƙarfen yana ciki, Hajiya," in ji Mas'udu. "Ko ɗaya ba a rage ba. Wutsiya ce kawai, wutsiyar da ba mai sake ganinta har tashin kiyama."

Hashimu ya ce a ba shi dama ya nuna. Ya zaro karan dawa daga dannin maƙwabta, ya yayyanka su tsawon zira'i, ya yi dami biyu. Ɗaya ya kewaye shi da waya ya kwantar da bakinta a gefe, ɗayan ya cusa bakin wayar can cikin karan. Ya tsayar da su a ƙasa. Ya ce nauyin bene haka yake danne ginshiƙi, in ƙasa ta kaɗa shi sai cikinsa ya nemi fashewa waje, zobe ne yake riƙe shi. Sannan ya dubi taubashinsa.

"Ubangidana, kai ne benen. Zauna."

Mas'udu ya gyara riga ya zauna kan damin farko. Wayar ta buɗe, kara ya watse, ya yi zaman dirshan a ƙasa. Aka yi dariya. Hashimu ya ji sanyi a ransa, ya nuna na biyu. Mas'udu ya kakkaɓe ya zauna. Damin ya yi ƙara, ya yi kamar zai yi tunani, sannan shi ma ya ruguje, Mas'udu ya sake samun kansa a ƙasa, ƙafafu sama.

Wannan karon har masu girki sai da suka saki muciya. Wani lebura ya ce, "Girgiza ta zo Konni yau!" Mas'udu daga kwance yake cewa, "Ka gani? Da mai wutsiya da marar wutsiya, duk ɗaya!" Hajiya ta yi dariya har hawaye, har goyonta ya sassauta, yarinyar ta zame ta yi ƙasa kaɗan.

"To, Malam Hashimu," in ji ta tana share ido, "mun ga wasa, mun gode. A ta da inji."

Injin ya kama ruri. Hashimu yana tsaye da guntun waya a hannu. Ya san in ya yi shiru za a zuba, a ci nama, gobe ya ci gaba da hawa na biyu, benen mafarkinsa ya tashi da sunansa. In ya ƙara magana kuwa, masu aikin ƙetaren iyaka awa guda ce tsakaninsu da nan. Ya dubi wayar. Sai ya ji bakinsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, da murya ƙasa-ƙasa, har sai da Hajiya ta matso.

"Hajiya, benen da na fara yi a can, mai hawa biyar, shi ma ƙarfensa duka yana ciki. Da ƙasa ta lafa munka ruga can da shebur. Hawa biyar ɗin sun kwanta bisa juna kamar tabarmi. Kwana uku muna tono. Na ga ginshiƙan, kansu ya fashe, zobban duk sun buɗe baki." Ya ɗaga hannunsa na hagu. "Ni bahago ne. Kowa dama yake murɗa waya, ni hagu. Na ɗauki wani zobe da ya buɗe, na duba wayar da ke jikinsa. Murɗin hagu ne. A hawa na biyu akwai wata mata da takan miƙo muna ruwan sanyi ta taga, ta tare tun muna ƙarasa matakala. Ban san sunanta ba. Butarta na gani."

Ba wanda ya yi dariya. Mas'udu ya tashi zaune, ya cire hula yana duban cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

Hajiya ta dubi hannun nasa. Najiba ta fara ƙunƙuni a bayanta, sai ta sunkuya ta turo ta sama, ta kwance majanyi ta ja shi tamau, ta ƙulla, ta kama bakinsa biyu ta cusa su can ciki, yadda ta saba yi tun tana goyon ƙannenta. Sai hannunta ya tsaya a wurin. Ta dubi ƙullin. Ta dubi bangon katako. Ta ɗaga kai sama, inda babu komai tukuna sai sarari da shirwa guda tana shawagi, daidai inda ta ce za a yi ɗakin jikoki.

"Mas'udu," in ji ta, "kashe injin ga, yana damuna."

"Hajiya, ranar malam fa?"

"Malam ya ce Alhamis rana ce mai kyau. To, ga rago ga shinkafa, a ci sadaka ce, ranar ba ta ɓaci ba. In an gama ci a ɓalle katako." Ta juya wajen Hashimu. "Kwana uku ka ce. In ya zama huɗu, kai zan sa a zuba cikin bangon, mu ga taka wutsiyar."

Kwana uku ya yi, shi da mutum biyun nan da suka yi aikin farko. Bai yi musu faɗa ba. Ya dai samo 'yar sanda ya riƙe, kuma kafin la'asar ta ranar farko sun gane amfaninta. Aka zuba bangon ran Lahadi, ranar da ba malamin da ya duba, aka ci gyaɗa da shayi. Hashimu ya tsaya yana kallon kankare yana hawa, yana haɗiye zobban ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya nutse. Da ya koma gida ya gaya wa Uwani labarin butar. Sai ta ƙara masa miya, ba ta kuma sake yi masa tsiyar akurki ba sai bayan sati biyu.

Benen ya ɗauki shekara biyu. Yana nan bakin hanya, an shafa masa fenti ruwan ƙwai, kuma duk wanda ya wuce tagoginsa yake yabo. Ƙasar Konni har yau ba ta motsa ba. Duk sanda Mas'udu ya haɗu da Hashimu sai ya ce, "Bawana, yau ma shiru?" Shi kuma ya ce, "Yau ma shiru, alhamdu lillahi."

Hajiya ta ba masu shagunan ƙasa umarni kada a hana shi hawa. Wani lokaci da azahar, in rodi ya yi zafi, yakan bar dogon-yaronsa ya zo ya hau matakalar, yana tsayawa a kowane hawa don gwiwa. A can ƙoli ana hango gonaki har inda ido ya gaji, da jerin motoci masu jiran ƙetare iyaka. Amma ba kallon yake zuwa yi ba. Zama yake a matakalar ƙarshe, inda bangon yake da sanyi, ya jingina, ya manna kunne.

In babbar mota ta wuce ƙasa, yakan ji rurinta ya hau ta cikin kankaren, siriri, ya bi ƙarfen da ya fi kowa sanin kamanninsa, ya wuce ta kafaɗarsa ya fita sama. Daga ɗakin kusa yana jin Najiba, wadda yanzu take gudu da ƙafarta, tana buga murfin tukunya. In ya lumshe ido ya ƙara saurarawa, can ƙasa da tushe, ƙasa da rijiyoyi, yakan ji kamar wani abu mai girma yana tuƙa a hankali, bai gaji ba tukuna. Sai barci ya ɗauke shi, hannunsa na hagu a jikin bangon.